Ƙanwata mai sikila ta rubuta wasiyya saboda finafinan da take kallo, Baba yace a ƙwace wayar

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni ce babba a ɗakinmu, ƙanwata shekararta 17 kuma tana da sikila, SS ce. Tun bara wata ƙawarta ta tura mata fim ɗin The Fault in Our Stars, daga nan ta nemo littafin ta karanta a waya, ta kalli na Indiyan wato Dil Bechara, ta kalli Five Feet Apart, yanzu bata da aiki sai irin waɗannan na masoya da ɗaya ke mutuwa a ƙarshe, ta kalla tayi ta kuka ta sake maimaitawa. Tace baza ta zauna JAMB ba wai meye amfanin fara karatun da mutum bazai ƙarasa ba. Akwai wani yaro ɗan layinmu da yake sonta, tace masa ya rabu da ita kar ta barshi da baƙin ciki, amma kullum tana duba ko yayi mata magana. Satin da ya wuce ina gyara durowa naga takarda, ta rubuta wanda za'a bawa kayanta da abin da take so a faɗa a kanta in ta rasu. Na nunawa Umma, Umma ta faɗawa Baba, Baba yace a ƙwace wayar a hana ta kallo gaba ɗaya. Ni dai zuciyata bata kwanta da hakan ba amma ban san me zance ba. Ki bani shawara dan Allah.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya bata lafiya yasa kaffara ne, ke kuma Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika yi tunani kafin ki miƙa hannu kan wayar.

Kar a ƙwace. Amma takardar nan kuma kar a ɗauke ta wasan yara, da ita zan fara don ita ta fi tsaya min a rai.

A littafin da kika ambata akwai wurin da saurayin, Augustus, da yaga jiki yayi tsanani sai ya kira budurwarsa da abokinsa coci yace kowa ya karanta masa abin da zai faɗa a kansa ranar jana'izarsa, yana zaune a keken marasa lafiya yana saurare har yana musu gyara. Duk wanda ya kalli fim ɗin baya manta wurin nan, to ba abin mamaki bane yarinya 'yar sha bakwai da ta saba kwanciya asibiti ta kalla ta ɗauko biro ta kwaikwaya. Yana iya zama iyakar abin kenan. Yana kuma iya wuce haka, kuma ba'a ganewa ta leƙen durowa, sai an buɗe baki an tambaya. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, ba a falo gaban Umma ba, kice mata na ga takardar, ba bincikenki nake ba amma na gani, kuma kiyi haƙuri da na kai wa Umma ban fara zuwa wurinki ba. Wannan ban haƙurin kar ki tsallake shi, don a yanzu haka in taji sirrinta ya zagaya gida har gaban Baba kin rasa amanarta, kuma amanar ita ce kaɗai abin da zaki yi aiki da shi. Sannan ki tambaye ta kai tsaye ba kwana-kwana: tsoron mutuwa kike ji, ko kin kai inda kike fatan tazo ki huta, ko har kin taɓa tunanin yiwa kanki wani abu? Nasan bakinki zai yi nauyi, mu an raine mu da cewa furta abu kiransa ne. To likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa wannan tambayar bata saka wa mutum tunanin da bashi da shi, sau da yawa ma sauƙi yake ji don an samu wanda bai ji tsoron saurarensa ba. In ta amsa kar ki zabura da salati da haba haba, kiyi shiru ki barta ta ƙarasa.

Bayan bakinta ki duba halinta. Tana shan folik asid ɗinta da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro ko ta fara zubarwa? Tana cin abinci, tana barci? Abubuwan da da take so, ƙawaye, kwalliya, islamiyya, ta watsar? Ta fara raba kayan nata da gaske ko a takarda kawai suka tsaya? In kinga biyu uku daga ciki sun haɗu sun kuma daɗe sama da sati biyu to wannan ba fim bane, ciwon damuwa ne, kuma yana yawan kama masu sikila don wanda ya taso da ciwon ƙashi tun yana rarrafe ba jikinsa kaɗai ke gajiya ba. Ranar zuwanta asibiti ki bita ki faɗawa likitan da ke dubata ya tura ku ɓangaren masu kula da ƙwaƙwalwa, asibitocin koyarwa irin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya duk suna da shi, ga na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato. In kuwa tace miki eh ta taɓa tunanin cutar da kanta, ba'a jiran ranar asibiti, ranar za'a tafi, kuma ba'a barinta ita kaɗai. Magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi da ke gidan su koma hannun Umma tana bata yadda likita ya rubuta, ayi shi cikin hikima ba da fuskar zargi ba, masu sikila sun gaji da kallon 'yan ƙwaya da ake musu alhali ciwo ne yake cinsu.

Toh yanzu finafinan. Ni na karanta littafin na kuma kalli duk ukun da kika lissafa, kuma ina so ki san abin da ke ciki kafin ki yanke musu hukunci, don Baba ba sani yayi ba, ya dai ji ance mutuwa da soyayya.

Littafin The Fault in Our Stars John Green ba'amurke ne ya rubuta shi, ya fito a 2012, aka yi fim ɗinsa a 2014, an kashe kamar dala miliyan 12 ya dawo da sama da miliyan 300, kinga kenan ba ƙanwarki kaɗai ta zauna tayi kuka ba, lafiyayyu miliyoyi sun riga ta. Mutumin yana saurayi ya taɓa aikin lallashin marasa lafiya ta fuskar addini a wani asibitin yara, daga baya ya san wata yarinya Esther Earl mai kansar maƙogwaro wadda ta rasu a 2010 tana da shekara 16, ita ya sadaukarwa littafin duk da ya sha nanata cewa ba tarihinta bane, ƙagagge ne. Yarinyar cikin labarin Hazel shekararta 16, kansa ta taso mata daga maƙogwaro ta sauka huhu, duk inda zata tana jan tukunyar iskar oksijin da robar hanci. Ta haɗu da Augustus wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya saboda kansar ƙashi. Kowa ya zuba ido ita zata mutu, sai ciwonsa ya dawo, shi ya tafi ya barta.

Abin da nake so ki lura da shi, wanda nake ganin shine ya kama ƙanwarki, ba mutuwar bace. A labarin nan mara lafiya ita ce tauraruwa. Tana da baki, tana da tsiwa, tana gatse, tana jin haushin masu zuwa dubiya da fuskar tausayi, tana da littafin da take so har ta hau jirgi zuwa Amsterdam neman marubucinsa, kuma akwai kyakkyawan saurayi da ya ganta da robar hancinta yace ita yake so. Yanzu ki juyo gida ki faɗa min tsakani da Allah, yaushe rabon da a yiwa ƙanwarki magana a gidanku wadda ba kin sha ruwa, saka rigar sanyi, kar ki fita, ajiye tsintsiyar nan, ya jikin? Ba laifinku nake gani ba, so ne da tsoro. Amma yarinya 'yar sha bakwai in aka shekara goma sha bakwai ana kallonta a matsayin majinyaciya, ranar da taga wata majinyaciyar a allon waya ana kallonta a matsayin budurwa, wallahi zata maimaita kallon sau ɗari. Mu kuma a namu labaran, mai sikila in ta fito yawanci fitowa take don ta zama darasi ga masu aure ba gwaji, ta kwanta a gado tana nishi uwa na kuka, ba'a ma tsayawa a bata hali irin na mutane.

Akwai kuma abu na biyu da ya fi wannan zurfi. Babban abin da ke hana Hazel barci ba mutuwarta bane, iyayenta ne. Tana ƙarama a ɗakin masu tsananin jinya taji mahaifiyarta na kuka tana faɗin in yarinyar ta tafi ita ta daina zama uwa, maganar ta zauna mata shekaru. Shi yasa take ɗaukar kanta gurneti, wai duk wanda ya matso kusa ranar da ta fashe sai ya ji rauni, shi yasa ta dinga ture saurayin da farko. Kin ji inda ƙanwarki ta samo maganar da ta faɗawa yaron layinku. Amma kar kiyi saurin cewa ai kinga fim ne ya koya mata. Fim ya bata kalmomi ne kawai, abin yana ranta tun tuni. Yara masu sikila suna ji fa. Suna jin ana lissafin kuɗin ƙarin jini a tsakar gida, suna jin Umma ta fasa zuwa biki saboda su, suna jin baƙuwa ta rage murya tace ai irinsu basa daɗewa, Allah dai ya baku haƙuri, tana kwance a ɗaki an ɗauka barci take. A ƙarshen littafin Hazel bata samu natsuwa ba sai da ta gano mahaifiyarta na karatu a ɓoye don ta zama mai taimakon iyalan marasa lafiya, wato uwar tana da rayuwarta, ba ita ta cinye mata duka ba. In da zaki iya sa Umma ta faɗawa ƙanwarki da bakinta cewa ke ba nauyi bace a kaina, kuma ta ganta tana fita harkokinta tana dariya, wannan kaɗai zai yi abin da ƙwace waya goma bazai yi ba.

Ƙwace wayar kamar mutum ne yaga hayaƙi na fita ta taga sai ya rufe tagar ya koma ya zauna. Kuma ma a zamanin nan wa ake hanawa kallo, ƙawarta zata bata tata a makaranta, abin da zai canza kawai shine ta daina kallo a gabanku ta daina rubutu inda zaku gani. Wannan gardamar ma ba a gidanku aka fara ba, a 2013 jaridar Daily Mail ta Ingila ta caccaki irin waɗannan littattafan tace ana kasuwanci da ciwon yara, matasa masu karantawa da marasa lafiya da yawa suka maida mata martani. Ni ina tsakiya ne amma na fi karkata wajen yaran.

Sai dai ba zan wanke finafinan tas ba, akwai ƙaryar da suke yi, kuma ita nake so ki zauna ki warware mata. Mai rubuta irin wannan labarin mutuwar yake buƙata. Ita ce jarinsa. In ba wanda ya mutu ba wanda zai fito daga sinima da jan ido ya cewa abokinsa jeka ka kalla. Tun Love Story na 1970 haka ake yi, aka zo A Walk to Remember na Nicholas Sparks, littafin 1999 fim ɗin 2002, 'yar limamin coci mai kansar jini ta shiryar da ɗan iskan yaro ya aure ta ta rasu shi kuma ya zama mutumin kirki ya tafi karatun likita, wanda ni shi yafi bani haushi a cikinsu don yarinyar an halicce ta ne kawai ta gyara wani ta mutu. Mu da muka taso da finafinan Indiya mun san hanyar, Kal Ho Naa Ho na 2003 waye bai yi kukan Shah Rukh Khan da ciwon zuciyarsa ba. Shi kuwa Dil Bechara nauyinsa biyu ne, jarumin fim ɗin Sushant Singh Rajput ya rasu ranar 14 ga Yuni 2020, fim ɗin ya fito 24 ga Yuli, mutane suka zauna suna kallon wanda ya riga ya mutu yana wasan mutuwa, don haka in kinga tafi kuka a wannan akwai dalili. Duk cikinsu agogo ake saitawa tun farko, wata shida, shekara ɗaya, sai soyayya ta zo ta cika ɗan lokacin da kiɗa mai taushi. Ba mai yin fim a kan wadda ta sha maganinta ta gama jami'a tayi bautar ƙasa tana rigima da mai gidan haya, alhali mafi yawan masu ciwon da ba'a rabuwa da shi rayuwarsu kenan.

Ki bata misali da Five Feet Apart ɗin da take so. Ciwon da ke ciki, sistik faiburosis, na gado ne irin sikila, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi ɗa ke samu, majina mai kauri ke toshe huhu, kuma da gaske ne ana hana masu shi matsowa kusa da juna ƙasa da ƙafa shida don kar su shafawa juna ƙwayar cuta. Masu ciwon da yawa a Amurka sun ji haushin yadda fim ɗin ya maida karya wannan dokar abin burgewa, wai sun sace ƙafa ɗaya saboda so. Fim ɗin ya fito a watan Maris 2019. A watan Oktoba na shekarar hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani Trikafta wanda ya juya rayuwar mafi yawan masu ciwon, waɗanda ake jiran dashen huhu ko mutuwa suka koma makaranta suka yi aure suka haihu. Wata bakwai tsakani. Fim ɗin yana nan yadda yake har gobe yana sa mutane kuka, ciwon kuma ya riga ya bar inda fim ɗin ya ajiye shi. Shi maganin da ya riƙe Hazel ma babu shi a duniya, marubucin da kansa ya rubuta a littafin cewa ƙirƙirarsa yayi.

Sannan ita ba kansar da ta bazu take da ita ba. Sikila ce. Ciwo ne mai wahala mai haɗari, ba zan yi miki daɗin baki ba kuma ke ma kar kiyi mata, tafi kowa sanin zafinsa, wataƙila ma ta san waɗanda suke haɗuwa a asibiti da yanzu babu su. Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara, kuma mafi yawan asarar da ake yi a ƙananan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu da ƙarancin jini ke ɗaukarsu tun ba'a ma gane me ke damunsu ba. Daga nan maganar basa daɗewa ta samo asali. A ƙasashen da ake gwaji tun haihuwa ana bada kulawa, sama da kashi 90 cikin 100 suna girma su zama manya. Ƙanwarki ta tsallake shekarun da suka fi kowanne haɗari, ga ta ta kai sha bakwai. Ki nuna mata mutane masu rai da sunansu. Adekunle Gold mawaƙin nan ya fito da kansa a 2022 yace da sikila ya taso. T-Boz ta ƙungiyar mawaƙan TLC a Amurka, ita ma mai sikila ce, ance mata baza ta wuce talatin ba, an haife ta a 1970 ki lissafa da kanki. Ga tamu ta gida Samira Sanusi 'yar Funtuwa da aka yiwa dashen ɓargo, ta rubuta littafi a kan rayuwarta ta kuma kafa gidauniyar taimakon masu sikila. Tunda ƙanwarki mai son karatu ce ki nemo mata wannan, labarin mara lafiya ne da mai shi ta rayu ta rubuta da hannunta.

Kuma ki tambayi likitanta maganar haidiroksiyuriya in ba'a ɗora ta ba, magani ne da ke rage yawan tashin ciwon da yawan ƙarin jini, ana sha ana gwada jini lokaci lokaci, ba'a siya a kemis a fara kai tsaye, kuma in maganar aure da ciki ta taso sai an koma wurin likita. Mutane da yawa basu taɓa jin sunansa ba sai rubutu da sassaƙe da tsimi. Wani lokacin abin da ke sa yarinya ta yanke ƙauna ba wani tunani mai zurfi bane, ciwo ne ke tashi duk wata, in ya koma sau ɗaya ko biyu a shekara sai kiga ita da kanta ta dawo tana maganar gobe.

Ta ɓangaren addini kuma, nasan za'a samu mai cewa ai rashin tawakkali ne. Ku bi a hankali. Wasiyya kanta ba haramun bace, sunna ce ma ta zo da ita. Abin da Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya hana shine mutum yayi fatan mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, ya kuma ce a nemi magani, sannan akwai hadisin nan da yace ko alƙiyama ce zata tashi kana riƙe da dashen dabino in zaka iya ka dasa shi. Wannan na ƙarshen shine amsar maganarta ta JAMB, amma ki faɗa mata shi kuna hira kuna cin gyaɗa, ba a tara mata malamai a zaunar da ita a tsakiya ba, wanda zuciyarsa ta karye in aka ɗora masa wa'azi sai ya ƙara da jin shi mai zunubi ne.

Maganar yaron. Ba cewa nayi a buɗe musu ƙofar zance ba, shekararta 17 kuma wannan hurumin Baba ne, ke kin fi ni sanin tsarin gidanku. Abin da nake so ki cire mata shine tunanin cewa korar wanda ke sonta sadaukarwa ce. A fim yana da kyau, a zahiri kaɗaici ne kawai, kuma ko a littafin nata turewar bata yi aiki ba, Hazel ta sauko daga baya, ƙarshe ma Augustus da ake ganin ya warke ake tausaya masa shi ya riga ta. Ki tuna mata wannan, ita ta karanta. A gefe guda kuma ki sa ido a kan yaron, don akwai samarin da su ma fim ɗin suke yi a ransu, suna son su zama gwarzon da ya so mara lafiya, daren farko da suka ga ciwo ya tashi tana ihu ƙashi kamar ana sara ana neman jini ƙarfe biyun dare sai su sulale. A littafin ma akwai haka, abokinsu Isaac ana gab da cire masa ido na biyu budurwarsa ta gudu duk da alƙawuran da suka sha. In yaron da gaske yake abin da ke gabansa ba hawaye bane, gwajin jini ne. In shi AA ne duk 'ya'yansu AS zasu zama, ba mai sikila. In AS ne kowane ciki rabi da rabi ne a haifi SS, wannan kuma ba'a shiga. A Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure. Gara ya san nasa tun yanzu kafin zukata suyi nisa, kuma a maimaita a asibiti mai inganci don ana samun kuskuren sakamako.

Baba kuma kar ki tunkare shi da cewa hukuncinsa ba daidai bane, tsoro ne yasa shi faɗin haka, uba ne da aka nunawa wasiyyar 'yarsa, ba abin da hannunsa zai iya kaiwa sai wayar. Ki bi ta wurin Umma, ko kije da kanki bayan isha'i ki durƙusa kice Baba a bani wata ɗaya, ni zan riƙa kallo tare da ita, zan kaita wurin likita, in ba'a ga canji ba duk abin da kace shi za'a yi. Ki ƙara da dokar da zai ji daɗinta, misali waya ta kwana a ɗakin Umma daga ƙarfe goma, wanda dama rashin barci ba alheri bane ga mai sikila. Sai kuma ki cika alƙawari, ki zauna ki kalla da ita har ƙarshe, kiyi kukanki in ya zo, in an gama ki tambaye ta wane wuri ne yayi kama da ke, wane wuri ne ƙarya. Zaki sha mamakin abin da zata faɗa, don wanda ya kwana a gadon asibiti yana ganin ƙaryar fim tun daga yadda jarumar ke tashi daga suma da jan baki.

JAMB ɗin kuma kar ki tsaya tambayarta zaki yi ko baza ki yi ba. Ki tambaye ta wane kwas, wace makaranta ce kusa da gida da asibitinta, ki duba NIN ɗinta ba matsalar suna ko ranar haihuwa tun kafin a fara saida fom farkon shekara, ki ɗauke ta kuje cibiyar rajistar tare. Ranar jarabawa ta tafi da rigar sanyi mai kauri da safa don ɗakunan kwamfutar nan wasu suna da sanyin AC sosai, ta sha ruwa isasshe kafin ta shiga, ki kuma riƙe takardar likitanta a jaka ko masu tsaron ƙofa zasu yi gardama. Ki rubuto min bayan kun yi maganar takardar, musamman amsar da ta baki a kan tambaya ta uku, wato ko ta taɓa tunanin yiwa kanta wani abu.